Hutun da Seidu Ya Tara

Ranar Juma'ar da ta wuce ina kishingiɗe a ɗaki, a gidan nan namu na unguwar Fereej Abdel Aziz a Doha, na jiyo hirarku a bakin kicin. Ɗayanku yana cewa gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, ai ba wani abu ba ne, ka wanke rariya, ka ƙara gas, ka sha sanyi a gidan masu hali. Wani kuma ya ce shi ba zai taɓa hutunsa ba sai ya tara na shekaru, ya tafi gida gaba ɗaya ya more. Maganar farko dariya ta ba ni. Ta biyun ce ta hana ni komawa barci, ita ce kuma ta sa na zauna ina rubuta muku wannan, tunda na lura duk sanda nake magana da baki, idonku yana kan waya. To ga shi, sai ku karanta shi a wayar.

Firjin farko da na taɓa sa wa hannu a Bukuru ne, a shagon wani dattijo da ake kira Baba Dung, wanda ya koya mini sana'a. Na wata mai sayar da kunun zaƙi ne, ya daina sanyi. Na ɗauko sifana da zafina zan kwance kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin. Baba Dung ya buge mini hannu, ya jona firjin a wuta, ya jawo mini benci ya ce in zauna in saurara. Na ce, "In saurari me, Baba?" Ya ce, "Ka ji lokacin da zai yi shiru." Ya tafi cin abinci ya bar ni. Na zauna har ƙafata ta yi tsami, firjin nan bai yi shiru ba. Da ya dawo na gaya masa, sai ya ce, "To ka gano ciwonsa ke nan. Injin da ke da lafiya yakan yi aiki ya tsaya, ya huce ya tashi. Wanda ka ji yana ta gurnani ba tsayawa, akwai inda sanyi ke zurarewa, kuma cin kansa yake yi." Robar ƙofar ce ta saki. Da na kwance kwamfuresar nan, da na ɓata wa matar firji a banza.

Da wannan kunnen na zo Doha, bayan na yi shekaru ina gyara a Jos, ina ji da kaina. Ranar farko da aka hau da ni saman wani bene, na ajiye sifana a kan siminti na juya in cire murfi. Da na waiwayo na ɗauke ta, sai da tafin hannuna ya tashi. Abokin aikin da aka haɗa ni da shi yana gefe yana kallona. Ya buɗe jakarsa, na ga duk ƙarafunansa naɗe cikin jiƙaƙƙen tawul. Sannan ya ce, "Massa, nan ba Jos ba ne. Nan ƙarfe ma yana cizo." Seidu ke nan, mutumin Zongon Kumasi, gajere kakkaura, mai wata irin dariya da ke fara fitowa ta hanci. Ya riga ni zuwa ƙasar nan. Massa yake kirana, wato maigida a bakin mutanen Kumasi. Hausarsa ta Zongo ba ruwanta da namiji ko mace, kowa "ya zo" ne a wurinsa, na yi ta tsokanarsa a kai har na gaji, shi kuma yana cewa tawa Hausar ta coci ce.

Abin da ba ku gane ba tukuna shi ne, esi rabi biyu ne. Rabin da ke ba da sanyi yana ɗaki, rabin da ke fitar da zafi yana waje, galibi a saman bene. Duk sanyin da mai gida ke sha a falo, zafinsa yana can sama, kuma akwai mutumin da ke tsaye a cikinsa. Shi ya sa ake haɗa mu bibbiyu, ɗaya a ciki ɗaya a sama. Kayan aikin kun san su: geji mai agogo biyu, ja da shuɗi, da mitar gwajin wuta, da sifanu, da kan walda na liƙe bututun tagulla, da famfon wanki, da tsani. Amma waɗannan kowa zai iya saya. Abin da ba a saya shi ne ka sa bayan hannunka a bututu ka san ko gas ya yi ƙasa kafin geji ya gaya maka, ka ji ƙarar fanka ka san ƙura ce ta toshe ko ƙarfenta ne ya ci. Mai ƙara gas a duk esin da ya gani bai iya aiki ba. Gas ba ya ƙarewa da kansa, in ya ragu akwai huda, kuma neman hudar nan da kumfar sabulu a ƙarƙashin ranar Doha shi ne sana'ar. Sauran duk wanki ne.

Wani gida da ba na mantawa, mun je ne saboda an ce esin falo yana aiki amma ba sanyi. Na duba ciki ban ga komai ba. Na hau sama na tarar da Seidu a tsugune, ya cire raga, yana zaro sheƙar tattabaru da hannu, kashinsu ya haɗu da ƙura ya daskare kamar laka. Akwai 'yan tsaki biyu a ciki. Ya nemo kwali ya sa su a inuwar tankin ruwa kafin ya kunna famfo. Na ce, "Seidu, mai gida yana jira." Ya ce, "Shi yana da fanka. Waɗannan fa?" Haka yake. Bai iya wuce abin da ya lalace ba. Ko ranar Juma'a, da take ranar hutunmu ɗaya tilo, in an sauko masallaci za ka gan shi da jakarsa, wai esin ɗakin wasu direbobi 'yan Kenya yana ɗiga, ko na wani mai shayi ya ƙi tashi. Ba ya karɓar komai. Ni kuwa in na dawo daga sujada a coci barci nake yi, da yamma in taka zuwa Corniche in kalli jiragen katakon nan da ke ɗaure a bakin ruwa. Sau da yawa na ja shi mu je, ya ce ruwa ai ba inda zai tafi.

Ku ji yadda ranar aiki take da zafi, tunda ku da sanyi kuka zo. Ana fita da asuba. Doka ta hana aiki a fili daga hantsi zuwa wajen la'asar, kuma doka ce mai kyau, ta ceci mutane, ba zan ci amanarta ba. Sai dai esi ba ya duba doka kafin ya mutu. Da tsakar rana yake mutuwa, a gidan da ke da jariri ko tsohuwa mai asma. Foman zai kira ya ce ba dole ba ne, amma in da hali a leƙa. Kai ma in ka ji kukan yaron ta waya, za ka hau. In ba a kira ba, ka yi zaman jira a mota ko a sito, da yamma ka koma sama. Ranar ta rabu biyu ke nan, ta miƙe tun daga asuba har faɗuwar rana, tsakiyarta kuma ba aiki ba ce, ba hutu ba ce.

Ga wani abu da ba wanda zai gaya muku a ofis. Masu gyaran esi ba sa son shan ruwa. Ba don babu ba, kamfani yana ba da shi har da garin gishirin nan da ake zubawa. Dalilin shi ne, in ka sha za ka nemi banɗaki, kuma kana gidan mutane ne. Wani ya nuna maka da fara'a, wani ya ɓata rai, wata 'yar aiki ta ce ba a ba ta izini ba. In aka yi maka haka sau ɗaya, kunya ta sa ka daina tambaya, daga nan sai ka daina sha. Seidu ya fi kowa wannan kunyar. Gorarsa takan dawo da yamma kusan yadda ta fita. Ga kuma azumi, wanda a shekarun nan yake faɗowa a tsakiyar zafi. Ana rage wa masu azumi awannin aiki, gaskiya ne, ni kuma nakan karɓi sama in bar masa ciki. Amma in na juya baya sai in ji ƙafarsa a kan tsani.

Yanzu maganar hutu. A takarda ba mu da abin kuka: kowace shekara akwai hutu, albashinka yana tafiya, ga tikitin jirgi. Abin da takarda ba ta faɗa ba shi ne yaushe. A kamfaninmu, kamar yawancin masu sana'ar nan, daga shigowar zafi har fitarsa ba mai motsawa, kuma cikin kowane mutum biyu ɗaya ne zai tafi a lokaci guda. Tun shekarar farko muka shirya da Seidu, irin shirin da Kirista da Musulmi suka saba yi a wurin aiki: shi ya riƙe mini Kirsimeti, ni in riƙe masa Sallah. Muka tafa a kai, kowa yana ganin an yi adalci. Abin da ba mu lura ba shi ne, Kirsimeti a zaune take wuri ɗaya, kullum cikin sanyi. Sallah kuwa tafiya take yi, kowace shekara tana matsowa baya kaɗan. A lokacin nan ta riga ta shiga watannin zafi, ƙarama da babba duka, kuma mai jiran fitowarta sai ya shirya jiran shekaru. Ni duk Disamba ina gida ina cin shinkafa da 'ya'yana. Shi duk Sallah yana saman bene.

Da farko yakan karɓi hutun sanyi ya je Kumasi. Ya dawo yana ƙorafi. "Kowa yana kasuwa, Massa. Ni kaɗai a ƙofar gida kamar mai gadi. Wannan ba zuwa gida ba ne kwaraa, ko kaɗan." Sai kuma idon mahaifinsa, Baba Mumuni, ya tafi. Tsohon yana da wata al'ada, ranar Sallah da ƙafa yake zuwa filin Idi, 'ya'yansa a bayansa. Da ya makance sai ya zama kowace shekara wani maƙwabci ne ke jan sa. Seidu shi ne babban ɗa namiji, abin ya tsaya masa a rai. Ya yi wa tsohon alkawari ta waya, ina zaune a wurin, cewa shi da kansa zai riƙe masa hannu zuwa Idi. Daga ranar ya daina taɓa hutunsa. Ya roƙi foman a riƙa ajiye masa, foman kuwa ya yi murna, wa zai ƙi ma'aikacin da ba ya tafiya? Nufinsa in Ƙaramar Sallah ta fito daga zafi, ya ɗauki hutun gaba ɗaya, ya yi azumi cur a gida, ya kai tsohon Idi, ya zauna har ya gaji da zama. Na ce masa ya je ko na mako biyu ne da sanyi ya ga tsohon. Ya ce, "In na ɓalle shi kaɗan-kaɗan, me zai rage? Bari ya taru." Yana maganar hutun nan kamar mai zuba hatsi a rumbu.

Sana'ar nan tana shigar da kai gidajen mutanen ƙasashe iri-iri, ka ga yadda kowa ke riƙe da lokacinsa. Akwai wata injiniya Bajamushiya a wani dogon bene kusa da Corniche, ta kira mu mu duba mata esi kafin ta yi tafiya. Akwatunanta suna bakin ƙofa. Ta ce a bar shi a kunne kaɗan don kada kayanta su yi fumfuna, makulli yana wurin mai gadi. Na ce in wani abu ya taso, a wace lamba za mu same ta? Ta ce, "Ba za ku same ni ba. In ya lalace ku gyara. In gidan ya kama da wuta ku kira masu kashe gobara." Na ce to ofishinku fa, ba za su neme ki ba? Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ofis ne ke yi mata wanka. Ta ce hutu ba alheri ba ne da wani ya yi mata, yana cikin aikin, kamar yadda albashi yake ciki. Sai ta tambaye mu namu. Na ce Disamba. Seidu ya yi dariyar nan tasa ya ce nasa yana ajiye. Ta ce, "Ajiye a ina?" Ya nuna sama da yatsa, wai ofis. Ta girgiza kai ta ce a wurinsu in ka ƙi tafiya, shugabanka ne zai yi ta bin ka, don in ya daɗe ba ka ɗauka ba yakan faɗi. A cikin lif Seidu ya ce mini, "Ka ji ƙasa. Har hutu ma ruɓewa yake yi."

A benen nan dai, hawa kaɗan ƙasa da ita, akwai wani Ba'amurke. Ranar da muka je ya ce mana yana hutu ne, amma ga kwamfuta a cinyarsa, ga waya a kunne, ga wata a kan tebur tana ƙara. 'Yarsa ƙarama tana tsaye da kayan ninƙaya tana jiransa tun shigarmu har fitarmu. Da ya samu sarari ya kawo mana ruwan sanyi, mutumin kirki ne, ya ce a ƙasarsu dokar tarayya ba ta tilasta wa kamfani ya ba ka hutu da albashi ba, ya dangana da inda kake aiki, kuma ko an ba ka, kana tsoron ka tafi ka dawo ka tarar an gane za a iya yi ba kai. Seidu ya ce, "Wannan ɗan'uwana ne." Na daɗe ina juya mutanen nan biyu a raina. Bene ɗaya, arziki kusan ɗaya, ƙasashensu duka masu ƙarfi. Ashe ba yawan dukiya ke ba mutum hutu ba. Sai mutanen wuri sun yarda a tsakaninsu cewa wanda ya tafi ya huta bai yi abin kunya ba, kuma kujerarsa tana nan.

'Yan ƙasa su ma da zafi suke tafiya, gida guda, su bar esi a kunne. Na sha shiga falo mai faɗin filin ƙwallo, sanyi kamar Jos da safe, ba kowa a ciki sai kujeru da aka lulluɓe da zane. Mu kuma muna sama muna tabbatar da cewa kujerun ba su ji zafi ba. Ban faɗi wannan don hassada ba, aikina ne, da shi na ciyar da iyalina. Amma duk sanda na tsaya a irin falon nan nakan tuna ɗakinmu ni da Seidu, da jakar tsarabar da ya fara haɗawa a ƙarƙashin gado, farar jallabiya da turare da sandar makafi mai naɗewa.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar gasar ƙwallon duniya. Ƙaramar Sallah ta matso har bakin fita daga zafi, azumi kusan duk ya faɗo kafin a rufe ƙofar hutu. Foman ya riga ya ce wa Seidu ya shirya. Ana saura kaɗan aka tara mu a sito aka ce kamfani ya samu aikin wani sabon otal a Lusail, dole a gama kafin baƙi su iso, don haka an dakatar da hutun kowa har a gama gasar. Ba wanda aka ware, har Disambata ta tafi. Seidu bai yi gardama ba. Ya dawo ɗaki ya tura jakar can ciki da ƙafa, ya ce, "Khalas, shi ke nan. Baɗi ma Sallah yana nan." Na ji shi yana gaya wa tsohon ta waya, yana ta ba shi haƙuri. Maƙwabcin nan ne ya sake jan Baba Mumuni zuwa Idi.

Ban taɓa ganin aiki irin na otal ɗin nan ba. Ɗakuna ba iyaka, kowanne sai an gwada, manyan injunan sanyi a sama kamar motocin tirela. Injiniyan da ke kanmu ɗan Koriya ne, ba ya tashi sai shugabansa ya tashi, shugaban kuma ba ya tashi. Da rana yakan kifa kai a tebur ya ɗan runtsa, ya farka ya ce yalla, wato a tashi a ci gaba. Juma'a ta zama kamar Talata. Na fara lura Seidu yana kwance igiyar takalminsa saboda ƙafa ta kumbura, fuskarsa da safe ta yi suntum, abinci ya daina yi masa daɗi. Na ce mu je asibiti. Ya ce a bari a gama, ai hutu yana nan yana jiransa, in ya je gida duk zai warware.

Wata safiya, zafi ya fara sauka amma iska ta yi nauyi da laima, muna ɗaure bututu a saman otal ɗin. Ina ƙasa da shi kaɗan ina miƙa masa kaya. Na ce ya ba ni geji, na ji shiru. Na sake faɗa. Da na ɗaga kai sai na gan shi zaune ya jingina da jikin injin, sifana a hannu, ido a buɗe, yana kallona kamar bai san ni ba. Gorarsa tana gefe a cike. Mu huɗu muka sauko da shi.

A asibiti Allah ya haɗa mu da wata nas 'yar Kagoro, Sista Rifkatu, muna sujada wuri ɗaya. Ita ta ja ni gefe ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce, "Baba Ishaya, ƙodarsa ce. Ba yau abin ya fara ba, ya daɗe yana ci a hankali. Zafi, ga rashin shan ruwa, ga jini ya hau ba a sani ba, jikin kuma bai taɓa samun sararin da zai huce ba. Za a riƙe abin da ya rage da magani, amma kada ya sake hawa saman bene." Na ce in ya huta fa, yana da hutu mai yawa a ajiye. Ta dube ni ta ce, "Hutun da ya kamata ya yi shekarun baya, ba yanzu zai yi masa aiki ba." Na fita waje na zauna a kan dakali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni da aka koya wa sauraron injin da ba ya tsayawa, shekara da shekaru ina kwana ɗaki ɗaya da shi.

Kamfani bai wulaƙanta shi ba, in faɗi gaskiya. Sun yi jinyarsa, sun ba shi aikin sito na ɗan lokaci, amma mai gyaran esin da ba zai hau sama ba, zamansa ba mai tsawo ba ne, shi ma ya sani. Kafin azumi na gaba aka sallame shi. Hutun da ya tara aka mayar masa da shi kuɗi a cikin haƙƙinsa, ko kwana ɗaya bai ci a matsayin hutu ba. Na raka shi filin jirgi, ni na ɗaukar masa jakar tsarabar, don ba ya iya ɗaukar nauyi. Ya bar mini gejinsa. Shi ne wanda kuke gani a jakata, mai tsagaggen gilashi a agogon ja, wanda kuke cewa in jefar.

A shekarar Ƙaramar Sallah ta fito daga zafi sarai. Ranar ina bakin aiki a wani gida, wajen azahar ɗinmu, safiyarsu ke nan, waya ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce ta kira ni ta bidiyo, ta ce Yaya ya ce a nuna mini. Na ga titi cike da mutane cikin fararen kaya. Ga Baba Mumuni, dogon tsoho, cikin jallabiyar nan da na sani, kansa a miƙe. Ga Seidu a gefensa, ya rame har riga ta yi masa yawa, hannunsu a sarƙe. Suna tafiya a hankali, suna tsayawa. Na ƙura ido sosai, na ga duk sanda suka tsaya, Seidu ne ke neman numfashi, tsohon kuma yana jiransa. Na kasa gane wa ke riƙe da wa.

Seidu ya karɓi wayar ya ce, "Massa, ka gani? Na kai shi." Na ce na gani, barka da Sallah. Sai ya ce Baba yana son magana da ni, ya ɗan girgiza mini kai kafin ya miƙa, na gane bai gaya wa tsohon komai ba.

Na ce, "Baba, barka da Sallah. Allah ya maimaita mana."

Ya ce, "Amin, ɗana. Kai ne Ishaya mai riƙe masa aiki? Allah ya yi maka albarka. Ka gaya wa manyanku na gode. Wannan karon sun ba shi hutu mai tsawo, har yau bai ce mini ga ranar komawa ba." Na ga yana shafa tafin hannun Seidu da babban yatsa. Ya ce, "Hutun ma ya karɓe shi. Ka ji hannunsa, duk kantar ta sauka."

Na ce zan gaya musu, Baba.

Na kashe wayar, na sauko daga sama, na ƙwanƙwasa wa matar gidan na ce don Allah ina son ruwa, kuma ina ne banɗaki.